Taku Shida Cikin Gonar Arzika

Ranar da na yanke ciyawar filin idin wani ƙauye kusa da Bodinga, ana saura kwana uku Babbar Sallah, samari sun cika gindin dalbejiya suna kallona. Da na gama na kashe inji na zo shan ruwa, sai na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa wai wannan ai ba aiki ba ne, zama ne bisa kujera mota na yi maka komai. Ɗayan ya ce shi in aka ba shi mako guda ya iya. Na sha ruwana na tafi. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na sayi littafi da biro na zauna. Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, wanda ke neman Hausa mai ado ya nemi wani. Abin da na sani game da tantan, wato tarakta, shi zan faɗa.

Abin da ba su gani ba shi ne, tun da gari ya waye nake cikin filin nan da ƙafa. Kafin silasha ta taɓa ciyawa sai na taka filin duka, layi layi, da sanda a hannu. Silasha ita ce injin yankan da ake ɗaura wa tantan a baya, wuƙaƙe biyu ne manya suna juyawa ƙarƙashin murfin ƙarfe. Ba ta bambanta ciyawa da dutse. A filin nan kaɗai na tsinci turakun awaki bakwai, da guntun waya, da duwatsun da ake kafawa a yi ragar ƙwallo. In wuƙa ta kama dutse, ko ita ta karye, ko shi ya fita kamar harsashi. Na taɓa ganin ya fasa cinyar jaki daga nisan taku talatin. Mai jakin bai tambayi wanda ya ajiye dutsen ba, ni ya tambaya.

A wurin Maigida Bawa na koya, a Shagari. Tsohon direba ne, gajere, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar inji. Shekara uku na yi a hannunsa, biyun farko ban taɓa sitiyari ba sai in zan goge shi. Aikina giris. Kowace safiya in bi boris ɗin haro, wato injin faya-fayan da ke kafce ƙasa, ɗaya bayan ɗaya ina matsa musu giris, har sai tsohon ya fito baƙi sabon ya biyo shi. In cire filtar iska in kakkaɓe, in zare ƙaiƙayi da furen ciyawa daga lagireto da tsinke, in duba baƙin mai, in tace man gas da ƙyalle, domin wanda ake sayarwa a jarka bakin hanya ba a rasa ruwa da yashi a cikinsa. Sannan in bi kowane noti da sifana. Ranar da na manta guda, faifan haro ya kwance ya gangara cikin gonar mutane, Maigida bai zage ni ba. Kashe inji ya yi, ya ce in je in ɗauko, in kuma kawo shi gida a ka. Shi ya tafi da mota. Daga bayan Dandin Mahe na ɗauko shi har Shagari. Ban sake manta noti ba.

Shi ya koya mini cewa ƙasa ba ɗaya ba ce. A jigawa ba a zurfafa haro, in ka zurfafa ka tono farin yashi ka binne ɗan takin da mutum ya yi rani yana kaiwa da jaki, iska ta zo ta kwashe sauran. A fadama kuma in ka shiga da wuri laka ta riƙe ka, in ka makara ta bushe kamar bulo, faifai su yi ta tsalle a kai. Akwai ranar da muka kafe a wata fadama har gatarin tayoyin baya. Ni da na ga haka sai na ce ya ƙara wuta. Ya ce in ya ƙara wuta kabari yake haƙa mata. Muka cire haro, muka yi wuni muna tono da saka itace ƙarƙashin taya, ta fita a giyar farko kamar ba ita ba.

Amma abu ɗaya ne yake maimaitawa har ya gundure ni. In muka isa gona ba ya sauke haro sai ya sauko da kansa ya zagaye ta da ƙafa, kusurwa huɗu, mai gona na gaba, in da hali maƙwabci na biye. Ku da kuka tashi cikin gari ba ku san iyakar gonar tudu ba. Ba katanga, ba siminti. Gamba ce. Kakanni suka dasa ta a jere, tushe nan tushe can, tsakanin gona da gona. Da kaka a yanke ta a yi zana da jinka, da rani shanu su cinye sauran har ƙasa, ta zama ba ka ganin komai sai ɗan dunƙule kamar gindin tsintsiya. Ruwa na sauka ta farfaɗo. Mai fartanya ya san ta, yana kewaye ta. Mai garmar shanu ma yana ganinta, domin ƙafarsa na ƙasa. Kai da ke can sama, ƙura a ido, ba ka ganinta sai ka wuce.

"Sauka ka taka," in ji Maigida. "Motag ga ba ta san gonar kowa ba."

Na ce, "Maigida, ai mai gona ya nuna muna."

"Mai gona ya nuna maka inda shi ka son ta kai. Sauka."

Tawa motar na saya bayan ya rasu. Tsohuwa ce, ja, ta bi hannu uku kafin nawa. Rabon fadamar da na gada na sayar, da shanun huɗa biyu, na haɗa. 'Yan'uwana suka ce na sayar da ƙasa na sayi tsatsa, kuma har yau in mun haɗu a suna ko jana'iza sai wani ya tambaye ni lafiyar tsatsar. Da haro kaɗai ta zo. Rija, mai tayar da kunyoyi, da tirela daga baya na samu, silasha kuwa gawa ce na tsinta wani mai walda a Bodinga ya tayar mini da ita. Shekarar mai tantan haka take: da rani tirela, kai taki gona, yashi, bulo, buhunan albasa daga fadama zuwa bakin titi. Da bazara silasha, a kwantar da sabara da geza. Ruwan shuka na sauka sai haro, kwana ashirin ne ko ƙasa da haka, kuma su ke ɗauke da shekarar duka. Sai rija. Tsakiyar damina yankan ciyawa a makarantu da filaye. Da kaka jigilar dammunan gero. Tsakanin waɗannan kuma kana ƙarƙashin mota da sifana, ko kana gaban bakanike yana faɗa maka abin da ka riga ka sani.

Masu gona kuwa, Allah ya ba ku haƙuri da su. Duk rani ba wanda ya san ka. Ranar da ruwa ya sauka kowa ɗan'uwanka ne, kowa gonarsa 'yar kaɗan ce, yanzu ka gama. Ka je ka tarar ta tafi har inda ido ya tsaya. Kowa kuma ya rantse ba kututture a tasa. Wani a Kajiji ya rantse mini har yana dafa ƙirji, na shiga, kututturen kalgo da ya rufe da ƙasa ya tsaga mini tayar baya. Kwana huɗu mota na tsaye a gonarsa, ana tsakiyar shuka, shi kuma kullum sai ya zo ya tambaye ni yaushe zan kwashe ta, tana tare masa wuri.

Cikin masu gonar nan akwai wanda ya riƙe ni, Alhaji Modi, a wani ƙauye bayan Lambara. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Dillalin albasa ne, yana da gonakin tudu da na fadama, kuma in ya ce ga direbansa, duk manyan ƙauyen shi suke kira. Shekara biyar ina masa aiki. Rabin aikina na shekara daga bakinsa yake fitowa, haronsa, rijarsa, jigilar albasarsa, da na abokansa. In faɗi gaskiya bai taɓa ɓata mini ba. In na je, fura da nono na jirana a gindin gawo.

Gabas da babbar gonarsa ta tudu akwai wata siririya, ta wani dattijo Arzika. Kakansu ɗaya da Alhaji. Gandu ne aka yi ta rabawa, su Alhaji suka yi ta sayen rabon 'yan'uwa, har ya rage sai wannan zirin. Faɗinsa bai fi taku ashirin ba, tsawo dai da dama. Arzika ba ya kiran tantan. Da hannu yake noma, shi da iyalinsa, kuma geron da ke fita a nan shi suke ci.

A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya yi jinkiri. Da bazara Alhaji ya sa na bi gonar da silasha saboda sabara ta yi yawa, na kwantar da komai, gefen gabas ma na aske shi har ƙasa. Wannan bai dami kowa ba, gamba in an yanke ta dawowa take yi. Sai ruwa ya sauka wata Laraba, mai yawa. Alhamis da safe mutum tara ke jirana. Na fara da Alhaji. Bai zo gonar ba, yana kasuwa, a waya muka yi magana.

"Alhaji, gabas ina za ni tsaya?"

"Kai da kas san gonag ga? Ka ga tumfafiyan nan? To, nan."

"Wace? Biyu ni ka gani."

"Ummaru, mutane na jirana. Yi aikinka."

Tumfafiya biyu ce, ɗaya kusa, ɗaya gaba kaɗan. Sauka ya kamata in yi. Aikin minti biyar ne, in nemi tushen gamba da ƙafa. Waya na ta ƙara a aljihu, rana na shan laimar ƙasa, na ce ai na san gonar. Na ɗauki ta gaban. Ban ce Alhaji ita ya nufa ba, ban kuma ce ba ita ya nufa ba. Ni ke bisa kujera.

Na yi ta bi daga yamma zuwa gabas. In na kai daidai tumfafiyar in ɗaga haro in juya, in sauke in koma. Ina jin haro na yin nauyi duk sanda na kusa ƙarshe, na ce saiwar sabara ce. Kafin azahar na gama na wuce gaba.

Washegari Arzika ya same ni a wata gona. Da ƙafa ya zo, ya tsaya gaban mota sai da na taka birki.

"Kai na Ummaru mai tantan?"

"Ni na, Malam."

"Ka cinye min iyaka. Ka shiga gonata, ka tone binnen da niy yi."

Ashe tun kafin ruwa ya binne geronsa a busasshiyar ƙasa, yana jira.

Na ce, "Inda anka nuna min nan nit tsaya."

"Wa yan nuna maka?"

"Alhaji, a waya."

"A waya," in ji shi. Ya dube ni, ya dubi motar, ya juya.

Magana ta kai gaban hakimin ƙauyen, aka kira ni na ajiye aiki na je. Alhaji ya ce shi bai san an wuce ba, kuma ma a saninsa iyaka tun zamanin kaka tana wajen tumfafiya ta biyu. Arzika ya ce ta farko. Ba takarda, dattawan da suka ga rabon duk sun mutu. Sai Sarkin Noma, wani tsoho mai rawar murya, ya kawo abin da aka saba yi a wurinsu.

"Ranka shi daɗe, a bari gamba ta tsiro. Ko an sare ta, ko wuta ta ci ta, inda tushenta yake nan ta ka hitowa. Kar kowa shi taɓa wurin. Mako ukku mu tai mu gani. Inda tah hito, nan na iyaka."

Kowa ya yarda. Arzika ya fi kowa saurin yarda, domin ya san inda kakansa ya dasa. Ni ma na ce madalla, ciyawa ta fid da ni.

Bayan mako biyu na koma ƙauyen yi wa wani rija, hanya ta bi da ni ta gefen gonar, na tsaya in duba. Gamba ta fito kore shar, a jere kamar an ja igiya. Amma daidai tumfafiya ta biyu. A wajen ta farko ba ko ɗaya.

Ina tsaye ina kallo sai na tuna nauyin nan da haro ke yi. Ku saurara, domin wannan ba a koyonsa a mako guda. Faifan haro in ya sami tsohon tushen gamba ba ya yanka shi ya wuce kamar sauran ciyawa. Ɓalle shi yake yi da ƙasarsa, ya cushe tsakanin faifai, mota ta yi ta jansa. Ba ya faɗuwa sai ka ɗaga haro. Ni kuwa a wuri ɗaya nake ɗagawa kowane zuwa, domin layina ya miƙe, haka aka koya mini. Ke nan da hannuna na kwashe iyakar mutane na jera ta taku shida cikin gonar Arzika, ruwa ya bi ya dasa ta. Waɗanda na ja yamma sun watse cikin gonar Alhaji, 'yan ƙwadago sun nome su tare da sauran ciyawa. Hukuncin Sarkin Noma na zamanin fartanya da gobarar daji ne, ba wanda ya taɓa gwada shi da haro. A ƙauyen nan duka ba wanda zai gane abin da ya faru sai ni.

Na sami Alhaji a rumfarsa yana tsintar albasa, na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Ummaru, wa yat tambaye ka?"

"Ba kowa, Alhaji."

"To. Dattawa sun ce gamba, gamba ta hito. Ni ban dasa ta ba. Kai direba na, ba alƙali ba."

"Ni nid dasa ta, Alhaji."

"Allah yad dasa ta, da ruwanai." Ya jefa albasa cikin buhu. "Bana fadama duka kai ka yi min ita, da ta abokaina. Tai ka huta."

Bai yi mini barazana ba, ba ya bukata. Abin a fili yake. In na yi shiru Arzika ya rasa kusan sulusin abin da yake ci, kuma ya rasa ke nan, da shaidar dattawa. In na yi magana na rasa Alhaji da duk mai jin maganar Alhaji. Abin da ya yi ta yawo a kaina a kwanakin nan ba zan rubuta ba, ba ya cikin sana'a.

Ranar da aka sa, da hantsi, hakimi ya zo da kansa, da Sarkin Noma, da Alhaji, da mutanen gari kamar ashirin. Arzika ya ga layin gambar ya tsaya. Ya koma wajen tumfafiya ta farko yana share ƙasa da ƙafa, bai ga komai ba.

Sarkin Noma ya ce, "To, Arzika, ka gani da idonka."

"Na gani, Sarki. Amma ba nan ta ba."

"Kai ka yarda da sharaɗi gaban mutane."

Hakimi ya gyara tsayuwa zai yanke, na ce, "Ranka shi daɗe, ina da magana."

"Wane na wanga?"

Aka ce masa direban ne.

"Hwaɗi."

Ni ban iya jawabi ba. Na je na kama tushe ɗaya a sabon layin, na ja da hannu guda. Ya taso kamar ɗora shi aka yi, saiwarsa guntaye, a yanke, a kwance gefe ɗaya. Na ja na biyu, na ja na uku, na zube su gaban Sarkin Noma.

Na ce, "Baba, gambar da tad daɗe wuri ɗai tun zamanin kaka, hannu ɗai na tumɓuke ta?"

Ya ce, "Ko jaki anka ɗaura ma ta sai ya yi nishi."

Sai na faɗi yadda haro ke yi, na ce a kawo fartanya a tona wajen tumfafiya ta farko, ƙasa da inda faifai ke kaiwa. Aka tona. Ba a yi zurfin kamu ɗaya ba sai ga tsohuwar saiwa, kauri, a cuɗe, ta nufi ƙasa. Aka matsa gaba aka tona, aka sake matsawa. Wuri huɗu, duk a layi ɗaya.

Sarkin Noma ya daɗe a tsugune yana murza saiwar. Ya tashi ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙarhen ga ya ɓata muna hukunci. Nan na iyaka."

Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi, gaskiya ta hito. Ni dama ba ni son haƙƙin kowa." Ya bi kowa ya ba shi hannu, har ni. Tun ranar hannunmu bai sake haɗuwa ba.

Hakimi ya ce tunda ni na cire gambar, ni zan mayar da ita. Kwana biyu na yi a duƙe ina dasawa tushe tushe, mota na tsaye a bakin hanya, lokacin rija na wucewa. Arzika na tsaye a kaina yana cewa matsa nan, koma can. Kada ku ɗauka ya gode mini. Lokacin gero ya riga ya wuce a taku shidan nan, wake ya samu ya sa. Da na dasa na ƙarshe abin da ya ce shi ne, "Da ka sauka ka taka, da duk ba a zo nan ba."

Na ce, "Haka na."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Alhaji bai taɓa faɗin mummunar magana a kaina ba, ko ɗaya ban ji ba. Wata tantan kawai ya kira, sabuwa, da direba matashi mai sa abin jin waƙa a kunne. Abokansa suka bi. Na ce to, ƙananan manoma sun ga abin da na yi, za su neme ni. Su kuma suka sa mini suna mai cin iyaka, domin abin da ya isa kunnensu ke nan. Manya suna cewa mai baki ne, ƙanana suna cewa mai ci ne. Jigilar albasa ta tafi. Na koma neman aiki can bayan Kajiji, inda man zuwa da dawowa ke cinye abin da ka samo. Kafin kaka famfon mai ya lalace, na sayar da rija na gyara shi, kuma har yau ban sake mallakar rija ba. Yashi da ciyawar makarantu suka riƙe gidana.

Tun daga nan ba na sauke haro sai na taka gona, kuma sai an kira maƙwabci ko wani nasa. Da yawa ba su iya jira. Ina cikin takawa mai gona zai ciro waya ya kira wani, in hau motata in tafi. Matasan direbobi suna gama gona uku kafin in gama zagaye ɗaya, kuma ba wanda ya ce musu komai, sai ranar da ta faɗa kan wani.

Damina ta biyu bayan abin, ruwan shuka ya sauka, wayata shiru har rana ta yi sama. Sai ga kira da lambar da ban sani ba. Arzika ne, da wayar maƙwabcinsa. Ciwon baya ya kama shi, 'ya'yansa sun tafi cin rani ba su dawo ba, yana son a yi masa haro.

Na ce, "Malam Arzika, tantan nawa ag garinku, ni kaɗai kag gani?"

"Ba don kirkinka na ba. Su ba su san iyakag ga ba. Kai kad dasa ta, kwana biyu kana duƙe. Na san ba ka ƙara taka ta."

Na je. Na zagaye gonar da ƙafa, shi yana biye da sanda. Na sa aka kira mai kula da gonar Alhaji, ya zo ya tsaya nesa. Gona mai faɗin taku ashirin ba a yi mata a karkace, sai a tsaye, kudu zuwa arewa, kana tafiya gefe da gefe da iyaka. Gambar ta yi ƙarfi, sabon ganye ya fara leƙowa. A zuwa na ƙarshe na bar taku guda cif tsakanin faifan gefe da ita, tun daga kai har gindi.

Da na kashe inji ya taho yana ɗingishi, ya tsaya kan zirin da ban taɓa ba.

"Ummaru, mi na wanga? Ka bar min taku guda."

"Na bari."

"Da bayan ga nau za ni duƙa in kafce shi?"

"Da shi, Malam."

Ya yi tsaki, ya aika gida a kawo masa fartanya. Ya daɗe yana duban zirin, daga nan har can ƙarshen gona, yana auna shi da sandarsa. Na hau mota na ɗaga haro zan fita, sai ya ɗaga mini hannu, na rage wuta in ji.

Ya ce, "Baɗi ma hakanga za ka bari."